'Yar Fari a Ƙofar Likitan Hanji

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. In tana son ruwa sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Haka iyayenmu suke a Daura, kunyar ɗan fari ce, kuma ban taɓa jin zafin abin ba sai da ciwo ya zo.

Bushewar ciki ce ta kama ta, irin wadda mutum zai yi kwana da kwanaki bai zaga ba. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, saboda haka komai a idona ake yi. Ta ɗauki buta ta shiga ban ɗaki, ta daɗe, ta fito tana dafa bango. Na jiƙa tsamiya, na dafa ganyen filasko, na yi kwaɗon zogale har na gaji da ganin ganye. In na ce, "Inna, ya jikin?" sai ta kau da kai ta ce, "Da sauƙi." Amma bari autarmu ta bugo waya daga Kano! Nan za a zazzage labarin ciki kaf, har da ƙugin da yake yi. Ina tsakar gida ina wanke-wanke ina ji, kishi na cina.

Auta ce ta samo likitan da ya ƙware a ciki da hanji, a wani babban asibiti a Kano. Ni na rako Inna, kuma ko da gyangyaɗi ya ɗauke ta a mota ba ta yarda ta jingina da ni ba. A ƙofar likita nas ta ce mutum ɗaya zai shiga da mara lafiya. Inna ko waige ba ta yi ba, ta kama hannun Auta.

Ashe likitan yana bincike a kan tsofaffi masu irin wannan ciwo, tambayoyinsa ba sa ƙarewa. Jim kaɗan sai Auta ta leƙo.

"Yaya, tana shan ruwa sosai?"

"Sai an yi faɗa."

Ta koma, ta sake leƙowa. "Ta taɓa ganin jini?"

Ina kan benci ina ba da amsa, tana kwasa tana kaiwa. Da suka fito Inna tana ta sa wa Auta albarka, wai likita ya ce ta yi dacen 'ya mai kula. Na ce "Madalla" da ƙyar.

Likita ya ce za a duba hanjin da na'ura, amma sai an wanke shi tukuna. Aka ba ta magani mai yawa ta sha a gidan Auta. Da la'asar cikin ya ɓalle, ƙafafunta suka kasa kai ta ban ɗaki. Na zabura da fo da zani, ina isa ƙofa ta ɗaga murya, muryar da na daɗe ban ji ƙarfinta ba.

"Kar waccan ta shigo!"

Auta ta karɓi fon a hannuna ta tura ƙofa. Na tsaya a nan, mace da furfurata, ina kishin wadda aka bari ta kwashe kashi. Wallahi da za a ce in zaɓa tsakanin kujerar Makka da wannan fon, a ranar fon zan ɗauka.

Can sai ƙarar ruwa a ɗakin. Sannan na ji Inna ƙasa-ƙasa, ba ta san ina jingine da ƙofar ba.

"Je ki zuba wa waccan abinci. Tun da na fara shan maganin nan ba ta sa komai a bakinta ba, ina kallonta."

Auta ta fito za ta isar da saƙo, na ce ta bari, wannan kam na ji da kunnena.