Mama, Ba Ke Kika Daskarar da Allurar Maniyyata Ba

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Shawwal, Allah Ya karɓi ran tsohuwar shugabarmu a ɗakin rigakafi, wadda mu ma'aikata muke kira Mama, maniyyata kuwa suke ce mata Hannun Auduga. Ta rasu tana da shekara sittin da tara, bayan jinyar mako uku. Labarin ya iske ni a kan kujerar da ta zauna shekara goma sha bakwai, ga layin maniyyata har bakin ƙofa, ga sirinji a hannuna.

Mama, a hannunki na koyi aiki. Ranar da aka turo ni ina sabuwar ma'aikaciyar jinya, ba ki tambayi takarduna ba, cewa kika yi in nuna miki farcena. Kika miƙo min abin yanke farce, kika ce, "'Yata, waɗannan baƙin Allah ne, da hannu mai tsabta ake taɓa su."

Duk shekara in lokacin tafiya ya gabato, ɗan ɗakinmu mai taga ɗaya yakan cika da masu neman allurar sanƙarau da katin shaidarta, don ba a barin maniyyaci ya tashi sai da shi. Kina da hanyarki da kowa. Manyan mutane masu rawani da za su zauna suna zufa don tsoron allura, sai ki tambaye su sunayen jikokinsu; kafin su kai na uku kin gama, kina danna auduga. Wani mahauci ya taɓa rantsuwa ba ki yi masa ba, sai da kika nuna masa sirinjin babu komai a ciki, kika ce, "Kai da ke kayar da sa, ɗan wannan ƙarfen ne ya sa ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai?" Tsofaffin da ba sa karatu kuwa, da kanki kike ɗinke musu katin a 'yar jakar leda, ki rataya musu a wuya. Masu zuwa su roƙi a buga musu hatimi ba tare da allura ba, ba kya yi musu tsawa. Ki zaunar da su, ki ba su labarin yadda cutar ke sandarar da wuya cikin yini guda, da yadda alhaji zai iya ɗauko ta a cunkoso ya kai wa jaririn gidansa. Yawancinsu da kansu suke naɗe hannun riga.

Kowa a wurin zaman makoki irin waɗannan ya yi ta faɗa. Ni akwai abin da ya hana ni ɗaga kai, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Wata Juma'a da rana aka kawo mana kwalaye shida na allurar. Kanki na ciwo, kika jera uku a firji, kika ce in ƙarasa, kika tafi gida. Ni kuma ina sauri, ƙawayena na jirana a waje. Na ga ƙasan ya cika, sai na cusa sauran ukun a saman, wajen ƙanƙara, na kulle ɗaki. Na san ba a yin haka. Ke kika koya min cewa allurar nan in ta daskare ta tashi daga aiki.

Ran Litinin kina wajen taro, ni na buɗe ɗaki. Na tarar da kwalaben sun yi tauri kamar tsakuwa. Da a nan na tsaya na jira ki, da abin bai wuce faɗa da takardar gargaɗi ba. Amma tsoro ya kama ni. Na sauko da su na cakuɗa da masu kyau, na dinga murza su a tafin hannuna suna narkewa, na yi wa mutum talatin da bakwai, na buga musu hatimi.

Da kika shigo wajen sha ɗaya, kika ɗauki kwali kika ji shi a jiƙe. Kika ɗaga kwalba ɗaya wajen taga, ga sauran ƙanƙara a gindinta. Kika juyo kika ce, "Wa ya sa waɗannan a sama?"

Na ce, "Haka na same su, Mama. Ai ke kika jera ranar Juma'a."

A lokacin kin fara 'yar mantuwa, kullum muna tsokanarki kina neman tabarau alhali yana goshinki. Da wannan na fake. Kika dafa teburi, kika ce, "Ni? Subhanallahi. To, ni ce."

Ba wanda zai sani da kin rufe maganar. Ba ki rufe ba. A take kika rubuta rahoto da sunanki, kika kwashe sunayen mutum talatin da bakwai ɗin daga rajista, kika shiga gari gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, kina sake musu allurar. Ni ce na bi ki da jakar auduga. A gabana wani ɗan kwangila ya nuna ki da yatsa a ƙofar gidansa, ya ce kin tsufa ki ba yara wuri. Kika ce, "Ka yi gaskiya, ka yafe min, kawo hannun." Ina tsaye ina kallon takalmina.

Ka'ida ita ce allurar ta kwana goma a jiki kafin a tashi. Duk an samu yadda aka yi da su, ban da wata tsohuwa mai sayar da zare, wadda ta tafi ƙauye sallama da dangi, ba mu same ta ba sai bayan mako guda. Kwanakin ba su cika ba, jirgin ƙarshe ya tashi ba ita. Aka ce mata sai baɗi. Ba ta ga baɗin ba.

Aka ɗauke ki daga ɗakin rigakafi aka mayar da ke sito, kina ƙirga safar hannu da bandeji har kika yi ritaya. Aka ba ni kujerarki. Ke ce ma kika rubuta cewa na cancanta. Na yi ta zuwa gidanki gaisuwa duk tsawon shekarun nan, kika yi min rakiya ɗakin haihuwa, kika yi wa 'yata wankan farko. Sau nawa na shirya maganar a hanya, in na zauna gabanki kika ce "'Yata, ya aiki?" sai in ce lafiya lau. Ina lallashin kaina cewa ai kin manta.

Ranar uku da rasuwarki, babbar 'yarki, wadda nake kira Yaya, ta ja ni ɗakinki tana nuna min kayanki. Ta ce, "Kin san hajjin da ta koma bayan ritaya, ba nata ba ne? Na mai zaren nan ta yi. Har a asibiti tana cewa mu roƙa mata gafara, sakacinta ya hana baiwar Allah ganin Ka'aba."

A nan bakin gadonki na durƙusa na faɗa wa Yaya komai. Ta yi ta ninke mayafinki tana warwarewa. Can ta ce, "Da ita kika faɗa wa, da ta yafe miki kafin ki rufe baki. Ni sai kin ba ni lokaci. Amma ki je ki faɗa inda aka zage ta."

Jiya na kai wa shugaban asibiti takarda da hannuna, na rubuta abin da ya faru, na roƙi a cire wancan rahoto daga fayil ɗinki. Na je gidan 'ya'yan mai zare, na faɗa musu. Abin da za a yanke a kaina, na karɓa. Wannan rubutu kuma don sauran jama'a ne: duk wanda ya taɓa jin cewa Hannun Auduga ta yi wa maniyyata lalatacciyar allura, ya sani ni ce. Ita gyarawa ta yi.

Mama, na zo a makare, kin riga kin tafi da nauyin da ba naki ba. Ba ni da bakin neman yafiyarki, sai dai in roƙi Wanda kike wajenSa yanzu Ya sanar da ke.

Ya Allah Ka jiƙan Mama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka karɓi hajjinta da wanda ta yi wa baiwarKa, Ka haɗa su a Aljannar Firdausi. Duk wani alhaji da ya je ya dawo lafiya ta dalilin hannunta, Ka sa a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya da ƙannenta, da jikoki, da abokan aikinmu na da da na yanzu. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. In kun ɗaga hannu kuna yi mata addu'a, wanda zuciyarsa ta iya, ya sa ni a ƙarshe.