Sunan Tsahara da Aka Datse

Hindu ta shekara ashirin tana sai da tuwo a bakin masana'antar siminti ta Malbaza. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun san tuwonta, amma ba su san tana waƙa ba. Waƙar daka ce ta gada wurin uwarta Tsahara, wadda ta rasu ba ta bar ko hoto ɗaya ba.

Bara wasu masu shirya fim daga Konni suka ji tana rerawa, suka roƙe ta ta yi musu a fim ɗinsu. Ta yarda da sharaɗi guda: a rubuta sunan Tsahara a ƙarshe. Suka rubuta, suka nuna mata. Ba ta yi lakwal ba balle ta iya karatu, sai ta sa yatsa ta shafa rubutun.

Tun fim bai fita kasuwa ba, wani marar tsoron Allah ya kwashe shi ya ɗora a intanet, linki ya bi wayoyi. Don kada fim ɗin ya ci megan data da yawa, ya datse sunayen ƙarshe kaf. Wai wa ke karanta su!

Rannan Zaidu direba ya miƙa mata wayarsa yana washe baki.

"Inna, ga fim ɗinku, kyauta na samu!"

Ta ce ya kai mata ƙarshe. Ya ja. Waƙa ta katse, fuskar waya ta yi baƙi.

Hindu ta dangwarar da mara cikin tukunya.

"Muryata kun ɗauka, na bar ku da Allah. Uwata fa, mi ta yi muku da kunka sake bizne ta?"