Alkunyar da Na Kai Abuja

Zariya zuwa Kubwa

Ana sallame sallar asuba na saɓi jakata sai tasha. 'Yata ta fari, wadda ta karanta zanen gine-gine, ita ta matsa in zo Abuja in ga ofishin da ta zana wa wani kamfani. An gama ɓangare guda, mai kamfanin kuma tana shawarar ko ta bar mata ragowar aikin ko ta ba wani.

Direbanmu bai san birki ba sai ya hango shingen 'yan sanda. A Kaduna muka karya da koko da ƙosai, azahar ta riske mu a Zuba. Na kwana a Kubwa wurin ƙanena, a ɗakin da fanka ba ta aikin komai sai juya zafi.

Gudu

Da hantsi yarinyar ta zo ta ɗauke ni. Ko'ina gini ake yi, benayen gilashi sai ƙyalli. Nata kuwa na jan bulon ƙasa ne, bango mai kauri, ya juya wa rana ƙeya gabas da yamma. Tsakar gida da itatuwa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Bangayen ciki ma turawa ake yi, ofis biyu su koma ɗaya. Na tsufa a harkar gini, ban taɓa shiga ofis da rana tsaka na ji sanyi ba tare da na'ura ba sai ranar. Daɗi ya cika ni, amma na tsuke baki.

Sai ga mai kamfanin, Madam Rifkatu, mutuniyar Binuwai.

"Baba, an ce kai tsohon magini ne. Yaya ka gan aikin yaronka?"

A wurinmu wa ke yabon ɗan fari a gaban mutane? Na kawar da kai na ce, "Wane aiki, Madam? Wasan yara ne. Ƙasa ce kawai aka tara, sai dai a yi haƙuri da ita."

Na jira ta ce haba Baba, ai ta yi ƙoƙari, kamar yadda kowa zai ce a Zariya. Sai na ga fuskarta ta canza.

"Wani injiniya ma ya faɗa haka, wai mu sa gilas da esi. Tunda babanta ya faɗa, shi ke nan."

Ta nufi mota. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na bi Madam da sassarfa, babbar riga na harɗe ni, leburori na kallo. Na ce, "Madam, ƙarya na yi, kunya ce irin tamu. Duk Abujar nan ban ga gini kamar wannan ba. Ni da na haife ta ban iya rabinsa ba."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta kwashe da dariya. "Ku Hausawa! To faɗa mata, ba ni ba."

Wannan kam ya gagare ni. Aikin dai an bar mata.

Komawa

Washegari ta raka ni tasha, ba mai kallon wani. Sai da mota ta tashi ta leƙo ta taga.

"Baba, ai na ji komai."

Na yi kamar ina gyara hula. Na iso Zariya bayan la'asar lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Uwarta ta tambaye ni yaya ginin, na ce ba laifi.