Mai Gadin Gidan Jakada da Jarkar da Ya Karɓa a Hannuna

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, 'yarka ta kira ni a waya. Ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba, ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Na rufe shagona, na zauna ina kallon ƙofar da ka tsare shekara talatin da ɗaya.

Baba, layi biyu jarida ta ba ka: mai gadin ofishin jakadancin wata ƙasa ta ƙetaren teku ya rasu. Ba su san abin da na sani ba, domin ni na ɓoye shi, kai kuma ka taya ni ɓoyewa.

Shagona na kayan gyaran mota yana fuskantar ƙofarka. Na ga yadda kake fito wa masu neman biza da benci, kana duba takardunsu tun kafin su isa taga. "Hoton nan zai sa a dawo da kai, yi maza ka sake." Haka ka yi wa ƙanwata da ta samu gurbin karatun jinya a ƙasar. Ka hango hatimin da ya yi saura, ka riƙe mata layi har ta je ta dawo. Ni kuwa Sarkin Fushi kake kirana, kana cewa in an ɗora tukunya a kaina sai ta tafasa.

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kama jirgin ruwan kayan ƙasarmu a tashar waccan ƙasar. Magana ta yi zafi, kowace ƙasa ta ba jakadan ɗayar kwana biyu ya tattara ya fice. Jakadansu ya miƙa maka mabuɗai ya wuce filin jirgi. Washegari labari ya bazu cewa an kashe 'yan kasuwarmu uku a can. Da safen ƙanwata ta kira ni, ta ce an kwashe su, ɗalibanmu arba'in da wani abu, an shigar da su ofishin jakadancinmu na can, kuma mutane sun fara taruwa a waje. Tana cikin magana layin ya katse.

Kafin azahar titinmu ya cika. Babu ɗan sanda ko ɗaya. Ban san lokacin da na zuƙo fetur daga motata na cika farar jarka ba. Ashana tana aljihuna, jama'a suna buɗe min hanya suna ihu. Da na isa gaba na tarar da kai tsaye, ka jingina bayanka da ƙofar ƙarfe, babu ko sanda a hannunka.

Ka ce, "Ɗana, ina zuwa da wannan?"

Na ce, "Baba, matsa. Ba da kai muke ba."

Wani ya yi jifa daga baya. Dutsen ya same ka a gira, jini ya gangaro har kan rigarka. Ba ka share ba. Ka sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kusan shekara ashirin ina bakin ƙofar nan, abu ɗaya na koya. Mutanen nan da mudu ɗaya suke awo. Ka kori nasu uku, su kori naka uku. Ka rufe musu ƙofa, su rufe maka. Gidan nan yana da ɗan'uwa a can. Wannan babu kowa a cikinsa sai kujeru. Wancan fa, wa ke ciki?"

Na sani sarai, amma fushi ya toshe min kunne. Na buɗe murfin jarkar. Warin fetur ya tashi, na bayana suna tura ni, suna cewa in zuba. Ka miƙo hannu, tafinka a buɗe, kamar mai karɓar saƙo.

"Labari ba ya kwana a hanya yanzu. Ka kunna nan da azahar, a kunna can kafin la'asar. Ni na riƙe wa yarinyar nan layi. Ba ni."

Har yau ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Feturin yana ɗiga a kan takalminka. Na ba ka. Ka mayar da murfin, ka ajiye jarkar a ƙasa, ka zauna a kanta. Babu wanda ya iya ɗaga tsoho mai jini a fuska daga mazauninsa. Ka yi ta maimaita musu maganar nan da ƙarfi, har masu 'yan'uwa a can suka fara janye na kusa da su.

Da 'yan sanda suka zo daga baya suka tambaye ka wa ya kawo fetur, ka ce jini ya rufe maka ido. Shekara bakwai ofishin yana kulle. Ka wanke jarkar, kana shayar da itatuwan harabar da ita kowace safiya. In mun haɗa ido sai ka ɗaga ta ka ce, "Sarkin Fushi, kayanka suna aiki."

Bayan wata biyu ƙanwata ta dawo. Ta ce a ranar, taron da ke ƙofarsu ma da fetur suka zo. Mai gadinsu, mutumin ƙasar, ya tsaya da rediyo a kunne, su kuma suna kwance a ƙasan ofis suna addu'a. Can ya ɗaga hannu ya ce wa taron, "Ba a taɓa namu ba. Ku koma gida." Tana ba da labarin ina kallon ƙasa. Ban faɗa mata abin da na yi ba.

Yau an dawo da hulɗa, jirage suna zuwa da kaya, ɗalibai suna bin layi a kan bencinka. A bikin sake buɗe ofishin an yi jawabai da yawa, kai kuwa kana can kana nuna wa motoci wurin tsayawa.

Jiya mun je yi wa iyalinka gaisuwa, ni da ƙanwata. Za mu fito 'yarka ta biyo ni da jarkar, ta ce, "Baba ya ce a mayar maka da kayanka." Ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, me ya haɗa ka da jarkar Baba?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan bakin ƙofa na faɗa mata komai. Ta karɓi jarkar ta rungume tana kuka. Har yanzu ba ta yi min magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka tare wuta daga 'ya'yan mutane, Allah Ya tare ta daga gare ka. Yadda ka rufa min asiri, Ya rufa naka ranar da asirai ke tonuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikokinka, Allah Ya ba su haƙuri. Da safen nan ƙanwata ta aiko min da jarkar cike da ruwa. Na kai ta gefen bencinka, saboda masu bin layi.