Faifan da Ba Ya Tsalle

Tun ɗazu Bronwen take kallonsa daga bayan teburinta. Duk Asabar shagonta na faya-fayai a Manchester yana cika, amma wannan bai taɓa shigowa ba. Dattijo ne mai sanƙo, yana sanye da kwat mai guga irin ta ma'aikatan banki, sai dai a kunnensa na hagu akwai huji uku da suka daɗe da toshewa. Ta san irin kunnen nan, ya sha allurai da 'yan kunne a zamanin da kiɗan tawayen matasa na punk yake tashe.

Ya zaro wani faifai na 1977 da aka sake bugawa bana, yana riƙe da shi ta gefe-gefe, ba ya yarda yatsa ya taɓa tsakiyarsa.

"'Yata, ɗora min waƙa ta uku."

Ta ɗora. Gita ta ɓarke, mawaƙin yana ihu. Dattijon ya runtse ido, ya ɗaga yatsa ɗaya yana jiran wani abu. Waƙar ta tafi sumul har ƙarshe.

"Bai yi tsalle ba," in ji shi.

"Ai sabo ne, Baba. Ko ƙwarzane babu."

"Namu a nan yake tsalle. Ƙanena Gareth ne ya faɗa kan garmahon yana rawa. Shekara biyu na yi ba na yi masa magana a kan haka."

Bronwen ba ta tambayi inda Gareth yake yanzu ba. Yadda ya ambaci sunan ya ishe ta amsa.

Ya mayar da faifan cikin kwalinsa a hankali.

"Ba ki da tsoho? Wanda ya ƙwarzane?"