Dubu Uku da Sha Ɗaya

Har yau ban manta da ranar da na rubuta 3011 a allo ba. Lokacin ina ɗan kwantaragi, ban cika shekara biyu da fara koyar da lissafi ba, a kwalejin wani gari kusa da Tama, cikin yankin Buza. Ajin ƙarshe nake riƙe, masu jiran jarrabawar birbe, wadda in ka faɗi karatunka ya tsaya.

Darasin ranar kan lambobin da ba su rabuwa ne, sai da ɗaya ko da kansu. Don in burge yara, na je wurin magatakardan gari na karɓo yawan mutanen garin: dubu uku da sha ɗaya. Muka gwada biyu, uku, biyar, har hamsin da uku, ba wadda ta shiga. Da yake unguwannin garin bakwai ne, na ce mu sake duba bakwai. Kowace unguwa ta samu ɗari huɗu da talatin, saura ɗaya. Na yi dariya na ce, “Kun gani, akwai mutum guda da ya yi yawa.” Ba wanda ya taya ni dariyar.

Ni baƙo ne, ban san a garin ba a ƙirga masu rai ba. Uwa ma ba ta faɗin yawan ’ya’yanta.

Washegari da hantsi wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar aji. Kakar Rabi ce, ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari. Ta daɗe tana duban allon, ga shi ba ta iya karatu ba.

Ta ce, “Mushe,” yadda ake kiran malamin boko a can, “kai ne ka ƙilga mu?”

Na ce, “Inna, darasi ne kawai.”

“An ce ɗaya ya yi saura. Wane na cikinmu?”

Ta ce, “Tunda anka kira shi, sai ya amsa.” Ta juya ta tafi.

Kwana uku bayan haka ta rasu a kan tabarmarta bayan azahar, ko ciwon kai ba ta yi ba. Na je jana’iza. Ina tsaye bakin kabari sai na kama kaina ina lissafi: dubu uku da goma, a raba bakwai, ɗari huɗu da talatin cif, ba saura. Na ji kunyar kaina.

Ranar Litinin ajin ya zama wayam, saura wata biyu jarrabawa. Darakta ya ce, “Ni da kai mun san ajali na Allah ne. Amma ka tai gidan mai gari ka ba da haƙuri, kada ka kai musu bayani.” Na je, na cire takalmi, na durƙusa. Yara suka dawo ɗai-ɗai. Rabi ba ta dawo ba. Sau huɗu ina zuwa gidansu, babanta ya karɓi gaisuwata a zaure ya sallame ni.

Ku da kuka fara aikin nan na koyarwa, ku yi misali da duwatsu, ko damman hatsi, ko tubalin gini. Lissafina na ranar daidai ne, ko sufeto ba zai samu kuskure a ciki ba. Amma ban tambayi mutanen gari ba kafin in sa su a allo, kuma yarinyar da ta fi ni ƙwaƙwalwa ce ta rasa karatunta.