Littattafai Biyu a Jakar Mai Yankan Gilashi

Ranar da ta zama ta ƙarshe ba ta zo da wata alama ba. Mama ta sha komawa cikinta tana dubawa, kamar yadda ta yi shekaru a ɗakin gwajin ruwa tana ɗaga kwalba a haske tana neman gurɓata. Kullum tas take ganinta.

Gari na wayewa ɗanta ya kira ta a waya.

"Mama, yau ina son aron kanki."

"Kaina ya yi ritaya tare da ni, Babana."

"Ko na ritayar ne zan lallaɓa da shi."

Da hantsi ya iso. Ya tarar da ita a kicin, ya zare mata tabarau daga fuska ba tare da ya tambaya ba, ya hura, ya goge da ɗan ƙyallen da ba ya barin aljihunsa, ya mayar mata. Kofunan da ke kan teburin kicin suka dawo da gefunansu.

"Kina zaune cikin hayaƙi kina cewa duniya ta lalace," in ji shi.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Matarsa na da ciki, har ya fara turo riga. Na farkon ya zube bara, tun daga nan tsoro ya zauna mata a ƙirji. Ba ta son a ambaci wannan cikin, ba ta ɗora hannu a kansa, ranar awo sai an yi da gaske take fita. Shi kuma so yake ta juyo ta kalli abin da take ɗauke da shi kafin ya iso. Ya ga littafi zai iya abin da bakinsa ya kasa. Matsalar ita ce idonta ya sauya, ƙananan rubutu suna yi mata rawa. An duba jininta a asibiti, lafiya lau. Ciki ne kawai, yakan taɓa gani, kuma a sana'arsu ba a yanka wa mai ciki sabon gilashi sai ta haihu idon ya zauna.

"Don haka ni ne gilashin. Ni zan riƙa karanta wa 'yarki."

A cikin bas ya ba ta wajen taga. Tana kallon gefen fuskarsa ta tuna shi yana ƙaramin aji, lokacin da malamai suka gama yanke cewa ba ya ja. Ita da digirinta ta zaunar da shi kullum da yamma tana koya masa, yana kallon allo kamar mai kallon kogi. Sai wata rana ta nuna masa tsuntsu a kan wayar lantarki, ya ce, "Wace waya?" Ranar da aka sa masa tabarau na farko, suna fitowa daga shagon aka fara yayyafi. Ya tsaya cak a bakin titi.

"Mama, ashe ɗigo-ɗigo yake saukowa. Ni na ɗauka labule ne."

Ya shiga jami'a kamar yadda ta so, bai gama ba. Ya koma wancan shagon, wajen dattijon da ya yi masa tabarau, ya nemi a koya masa aiki. A ɗakin baya ya yi rayuwarsa, inda dutsen wasa gilashi yake juyawa ruwa na ɗiga a kansa, farin ruwa kamar madara yana gangarewa cikin bokiti. In ya fito gaba wajen masu gwaji, yana da hali guda da har abokan aikinsa suke kwaikwayonsa da shi. Ba ya taɓa ce wa mutum ga wanda ya fi. Zai rage gilasan har su zama biyu, ya sa wannan, ya cire, ya sa wancan, ya ce, "Wannan ko wannan?" Ko mutum zai wuni yana tunani, zai jira.

Rana ta fara zafi suka hau matattakalar shagon littattafai, wanda yake saman wani kantin magani. Fanka tana juyawa a hankali, gefen takardu na ɗagawa suna kwanciya kamar masu numfashi. Mai shagon, wata mata mai jiki, ta nuna musu kantar littattafan lafiya, kusa da ta girke-girke. Tabaraunta ƙafa ɗaya da zare aka ɗaure.

Mama ta yi irin nata. Ta duba shekarar da aka buga kowanne, ta duba wanda ya rubuta da abin da ya karanta, ta juya baya ta ga ko mutum zai iya samun abin da yake nema cikin gaggawa. Shi kuwa sai ya buɗe tsakiya, ya kara littafin kusa da baki, ya fara karantawa ƙasa-ƙasa.

"Sai ka ce ɗan aji ɗaya," in ji ta.

"Da kunne za ta karɓa, Mama. Dole in ji yadda yake fita."

Wani mai sheƙi, cike da hotunan mata suna murmushi cikin fararen kaya, ya mayar da shi. "Waɗannan ba su taɓa yin amai ba." Wani kuma kowane layi da "kada ki" yake farawa. "Wannan ya fi ki faɗa." Mai shagon ta yi dariya har zaren ya motsa.

Aka rage biyu. Ɗaya kore ne mai kauri, likita da ungozoma suka rubuta, yana faɗin komai yadda yake, har abin da ba a son ji. Ɗayan ƙarami ne ruwan ɗorawa, mako-mako yake tafiya, da taushin murya, yana auna girman jariri da 'ya'yan itace.

"Ɗauki koren," in ji Mama. "Gaskiya ce a ciki."

"Ba ni zan sa ba, ba ke za ki sa ba. Zan karanta mata shafi a nan, shafi a can, ta faɗa."

Mai shagon ta ce ya tafi da duka biyun, ya dawo da wanda aka ƙi. Ya ce to ta kawo tabaraun nan, ba zai iya fita ya bar shi a haka ba. Ya zauna a kan kwali ya fito da ɗan sukudireba kamar allura, ya warware zaren.

Da azahar suka ci abinci a wani ɗan shago a ƙasa. Ya ce yana fata yaron ya ɗauko idon matar tasa na da, in kuwa ya ɗauko nasa, to aƙalla an sami mai gyara a gida. Ya sa ta a bas, ya koma aiki. Bayan la'asar ya kira ya tambaya ko ta isa. Ta ce ta isa, tana wanki, za ta kira shi. Dab da magariba ya rufe ɗakin baya, ya rataya jakarsa da littattafan a ciki, ya sauka zai tsallaka titi. Wata motar ɗaukar kaya ta ƙwace wa direbanta, ta yi kansa. Waɗanda suke wurin sun ce bai daɗe ba.

Jakar ta dawo gida ko ƙwarzane babu.

Da masu ta'aziyya suka ragu, Mama ta ɗauko 'yan kayanta ta tare a gidan ɗan nata. Mahaifiyar matar tasa ta zauna iya abin da za ta iya, ta koma wajen mijinta da ke kwance ba lafiya. Aka bar su biyu. Surukar tana kwance fuska a bango, in an kawo abinci ta taɓa ta ture. Ranar awo ta zo ta wuce. Mama ta ce, "'Yata, yau fa ranar asibiti ce." Ta ce, "To, Mama." Ba ta motsa ba.

Jakar na rataye a bayan ƙofar falo. Da la'asar rana kan shigo ta taga ta hau ta, ta zame a hankali ta sauka. Mama ta san abin da ke ciki, ta kuma san abin da aka yi niyyar yi da shi. Amma muryarta ta karanta rahoton gwaji ce, ba ta taɓa karanta wa kowa abin kwantar da hankali ba. Sai ta yi tunani irin nata: in ido ne matsalar, a gyara ido, yarinya ta karanta da kanta.

Da ƙyar ta fito da ita. Dattijon ya tarbe su a ƙofar shagon tabarau, ya zaunar da yarinyar a kujerar gwaji, ya duba ta a hankali. Daga ɗakin baya ana jin ɗigar ruwa, wani ne a kan dutsen. Dattijon ya kashe fitilarsa ya naɗe hannu.

"Hajiya, da ana yi, da ɗanki ya riga ni. In na yanka yau, bayan haihuwa ya zama na zubarwa, kafin nan kuma ya sa mata ciwon kai. Ku kai ta a sake duba jininta. Wannan idon yanzu ba nawa ba ne."

"Karatu nake so ta yi."

"To a karanta mata mana."

Suka kamo hanyar gida. Sai da suka shiga gida, surukar tana cire takalmi, ta ce, "Ya ce min zai zo da littafi."

"Ya zo da shi. Biyu ne."

Mama ta sauke jakar. Ƙamshin ɗakin baya ya fito, na jiƙaƙƙen gilashi da man inji. Ta zauna a bakin gado, yarinyar ta jingina da bango ta rufe ido.

"Wanne ya fi so, Mama?"

Zai yi sauƙi ta nuna ɗaya. "Bai zaɓa ba," ta ce. "Ke ya bar wa."

Ta fara da ƙaramin. Ta lissafa makon, ta nemo shafin. Muryarta ta fito a miƙe kamar sanda. Littafin ya ce a wannan makon jariri ya kai tsawon ayaba, ya fara jin sauti, yana shaƙuwa har uwa ta ji. A ƙasan shafin akwai ɗan akwati da aka rubuta wa uba. Ta tsaya.

"Karanta."

Ya ce uba ya riƙa matsowa yana magana kusa da cikin, don yaro ya san muryarsa kafin ya fito. Labule ya kumbura da iska, ya koma. A waje wani yana ta kiran sunan wani, ba a amsa ba.

Ta ajiye, ta ɗauki koren. Ta juya baya ta nemo abin da take nema, babin ciki bayan ɓari. Ya ce tsoron da mace ke ji a irin wannan cikin ba rauni ba ne, kusan kowa na jin sa. Ya ce ba wanda zai iya yi mata alkawari, amma mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a na gaba. Sannan ya jera abubuwan da in ta gani ta tafi asibiti nan take, da waɗanda in ta gani ta kwanta abinta. Mama ta karanta duka, ba ta tsallake ko layi ba. A irin wannan rubutun muryarta ta san hanya.

"Wannan," in ji surukar, ido a rufe. "Kowa lallashina yake, har shi. Wannan magana yake min."

"Shi ni ma na ce."

"Ai na sani. Da kika fara shi ko tuntuɓe ba ki yi ba."

Suka ɗan yi dariya, irin wadda ba ta da ƙarfin kaiwa ƙofa.

"Mama, me ya ce a kan motsi?"

"Bari in duba."

"Tun shekaranjiya yake yi. Ban faɗa wa kowa ba."

Ta kamo hannun Mama ta ɗora a kan rigar, ta bar nata a sama. Suka jira. Can ƙasa, kamar kifi ya juya a ruwa mai zurfi, wani abu ya taɓa tafin hannun ya wuce.

Washegari surukar ce ta riga ta shiryawa. Jinin lafiya lau. Tun daga nan kowace yamma, in rana ta sauka daga taga, Mama kan karanta shafi biyu ko uku, wani lokaci su tsaya su yi gardama da likitan da ya rubuta.

Kayansa kuwa a hankali aka raba su. Ƙaramin littafin Mama ta mayar da kanta, mai shagon ta karɓa da hannu biyu. Kayan aikinsa suka koma wajen dattijon, ya ce zai ba wanda ya ga hannunsa ya nutsu. Akwai tabarau da ya gama bai kai ga miƙawa ba, aka kira masu su ɗaya bayan ɗaya suka zo suka karɓa, suna nan cikin gari suna gani da su. Riguna da takalma aka ba ƙannen matarsa da maigadin layin. Agogonsa Mama ta ɗauka, ta ƙara huda a madaurin.

Da aka zo kan durowarsa, dangi suka ce a fitar da ita, ɗakin ya sami fili. Surukar ta ce a bar mata. Ta sa aka kwashe komai, ta goge cikin da kanta. Aljihun ƙasa shi ya fi zurfi, ta ce nan kayan jariri za su shiga. Mama ta yanko farar takarda daidai faɗinsa ta shimfiɗa, suka bar shi a buɗe ya sha iska.